Yadda Ake Zaro Guntun Makulli Idan Ya Karye a Ƙofar Mota

Da zarar makulli ya karye a ƙofar mota, abin da hannu yake saurin yi shi ne mayar da ragowar cikin ramin, wai ko za a dace a murɗa ta buɗe. Kada ka yi haka. Kowace turawa ƙara cusa guntun take yi. Guntun da bakinsa ke leƙowa waje aikin minti biyu ne, amma wanda ya shige ƙurya sau da yawa sai an kwance gidan makullin. Jefa kan makullin a aljihu, domin za a neme shi daga baya.

Kafin ka taɓa komai, ka san abin da ke ciki. A cikin gidan makullin akwai siraran faranta na ƙarfe a jere, yawanci shida zuwa goma, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa. Idan makulli ya shiga, haƙoransa ne suke daidaita su har cikin ya samu juyawa. To ga inda mutane da yawa suke shan wahala a banza: muddin cikin yana a murɗe, ko da kaɗan ne, farantan ba su da wurin motsawa, sai su riƙe guntun gam. Ko da ƙarfin wa za a ja, ba zai fito ba. Saboda haka dubi ramin da fitilar waya. Idan bai koma daidai yadda yake tsayawa lokacin da ake zura makulli ba, sa bakin ƙaramar sukundireba mai faɗi a leɓen ramin kawai, kada ta wuce milimita 2 ko 3, ka mayar da shi a hankali.

Sai mai. Fesa WD-40, man fesawan nan na gwangwani mai sassauta tsatsa, ta siririn bututun da ke zuwa da gwangwanin, fesawa biyu gajeru, ka tare ƙasa da tsumma saboda fenti, ka ba shi minti biyar ya ratsa. Baƙin mai, giris da man gyaɗa kada su kusanci wurin. A ranar za su yi santsi, amma da ƙurar Kano ta haɗu da su sai su zama caɓi, farantan su daskare.

A bakin ramin akwai ɗan murfin ƙarfe mai sifirin wanda ke hana ƙura shiga. Shi ne yake tare guntun a hanyar fitowa. Samu wani ya danne maka shi gefe da allura ko fil, ya kuma haska maka. Wannan aiki na mutum biyu ne.

Idan guntun ya leƙo ko da milimita 2 ne, filaya mai dogon baki ta isa. Kama shi sosai, ka ja miƙe zuwa wajenka, kana ɗan kaɗa shi sama da ƙasa, ban da murɗawa. Hantsaki kuwa sai an yi hattara da shi: idan bakinsa ya fi sararin da ke gefen guntun kauri, tura shi zai yi ciki.

Idan ya karye daidai da baki ko ya nutse, sai an yi masa ƙugiya. Abin da ya fi kama shi shi ne siririn zarto irin na maƙeran azurfa. In babu, karya guntun zarton yanka ƙarfe mai tsawon kamar santimita 7, a wasa maka bayansa a injin wasa wuƙa har faɗinsa ya dawo kamar milimita 2, a bar haƙoran. Siririn ƙarfen da ke cikin robar tsohuwar waifa ma yana yi, idan aka goge bakinsa aka fitar masa da ɗan ƙaramin ƙugiya, kuma kusan kowane gareji za ka tsince shi a ƙasa. Naɗe gindin da salatif don riƙo.

Wajen zurawa, haƙoran zarton su kalli wajenka, ta yadda zai shiga sumul ya ciza wajen fitowa. Bi ta kwarin da ke jikin makullin, ko ta gefen haƙoransa, ka shige gefen guntun da kamar santimita ɗaya. Ɗan karkata zarton ya ciji ƙarfen, sannan ka jawo. Zai zame. Sake zurawa, sake jawowa. Kaɗan-kaɗan guntun yake tahowa, wani lokaci ba za ka ga ya motsa ba sai a ja na biyar ko na shida, don farantan suna hawa suna sauka a kan haƙoransa. Idan guda ɗaya ya ƙi riƙewa, zura biyu, ɗaya ta kowane gefe, ka matse su kamar almakashi ka ja tare. Da bakinsa ya leƙo, ajiye zarto ka ɗauki filaya. Duk lokacin da ka ji zarton ya maƙale a wani abu mai tsalle, sifirin ko faranti ka kamo, mayar da shi ciki ka saki.

Makullan da gefensu yake sumul, aka yi musu zanen maciji a jiki, irin na Honda Accord daga 2003 da na Golf 4, sun fi wuya. Suna da kauri, suna cike ramin, kuma babu haƙori a gefe, sai dai a sa ƙugiya cikin zanen. Na Honda ma farantansu rabi-rabi ne, ba su jure tsokana. Irin waɗannan, in gwaji biyu ko uku bai yi ba, a bar wa mai sana'ar.

Akwai shawarar da ba a rasa mai bayarwa idan jama'a suka taru: a shafa sufa gulu a ragowar makullin a manna. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta kashe gidan makulli. Gam ɗin ba zai riƙe karyayyen ƙarfe ba, gangarawa zai yi ya liƙe farantan. Mayen ƙarfe ma galibi ɓata lokaci ne, domin yawancin makullan mota da tagulla ake yin su. Ƙusa da guduma kuwa ba a maganarsu.

Idan an yi minti ashirin babu ci gaba, ko ka ga guntun yana ƙara nisa, tsaya haka nan. Abin da ya rage shi ne ciro gidan makullin, kuma sai ƙofar tana buɗe, wato an shiga da rimot ko ta wata ƙofar. A Toyota Corolla da Camry da yawa, akwai ɗan murfin roba a kaifin ƙofar, daidai saitin mariƙi. Cire shi, ka sassauta sukurun da ke ciki da makulli mai bakin tauraro, T30, sai gidan makullin ya zaro ta waje. A tsofaffin motoci sai an cire bangon cikin ƙofar, a ɗaga gilashi sama, a zare kilif da sandar da ke haɗe da bayan gidan. Idan ya zo hannu, kifa bakinsa ƙasa, ka danne ɗan murfin ƙarfen bakin ramin, ka riƙa ɗan buga gidan a kan katako kana ɗaga farantan da siririyar waya. Kada ka zare cikinsa. Sifirin ɗin ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kuma kowane faranti da gurbinsa. In suka watse a ƙasar gareji an shiga wani aikin. Idan gidan ya riga ya lalace, ana samun na hannu a Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, amma ka ce wa mai makulli ya jera farantan daidai da makullinka, in ba haka ba za ka koma yawo da makulli biyu.

Ba kullum makulli ne ke maƙalewa ba. Yara suna cusa ashana, tsinken tsire ko kara. Itace ba a fara fesa masa komai, domin yana jiƙa ya kumbura ya dagargaje. A tsince shi a bushe da allura, a kai wa mai faci ya hura iska, sannan a sa mai. Idan kuwa bakin sukundireba ne na wanda ya yi yunƙurin ɓalle motar, zai iya bin mayen ƙarfe, sai dai da wuya farantan su tsira.

Kai wa mai yanka makulli duka ɓangarorin biyu. In akwai makulli na biyu da bai cinye ba, a yanka daga shi, don kwafin cinyayyen makulli cinyayye yake fitowa. A motocin da ke da na'urar hana sata, akwai ɗan cif, wato ƙaramar na'urar lantarki da motar ke gane makullinta da ita, a cikin robar kan makullin. Sabon da ba shi da cif zai buɗe ƙofa amma injin ba zai tashi ba, don haka a mayar da tsohon cif cikin sabon kai. Kuma kafin ka zura sabon, a wanke gidan a sa masa mai, domin taurin da ya karya na farko yana nan. Masu rimot su ne suka fi faɗawa wannan, sai ramin ya shekara ba a taɓa shi ba, ƙurar hunturu ta cika shi, ranar da batir ya mutu a zo a murɗa da ƙarfi. Murɗa shi da makulli sau ɗaya a mako, ka fesa masa mai a farkon Nuwamba da kuma bayan damina, sannan ka riƙa duba wuyan makullin, inda ƙarfe ya haɗu da roba. In ka ga tsaga ko lanƙwasa a nan, a yanka wani tun yana ɗaya.