Babi na Huɗu: Gane Kalmar Turanci ta Hanyar Tushenta

Darasi na ɗaya: Yatsa a kan ƙeyar kalma

Da yawa daga cikin ɗaliban wannan aji, musamman iyayenmu masu sana'a a Babbar Kasuwar Sakkwato, idan suka ci karo da doguwar kalmar Turanci sai su tsallake ta, alhali sau da yawa gajeruwa ce aka yi mata ƙari a goshi ko a ƙeya. Mu ma muna da irin wannan a Hausa, domin daga noma muka sami manomi, daga ɗinki muka sami maɗinki. Turanci yakan liƙa nasa ƙarin a ƙarshe, shi ya sa drive, wato tuƙi, ta zama driver, wadda muka mayar direba.

Ku rubuta teacher da manyan baƙaƙe a littafinku. Ku ɗora yatsa a kan haruffa biyu na ƙarshe, wato e da r, ku danne su har su ɓoye. Abin da ya rage shi ne teach, ma'anarta koyarwa, kuma shi ne tushe. Yanzu ku ɗaga yatsan, kun sami mai koyarwa. Kada wanda ya ji kunya idan bai gane ba a karon farko, sannu ba ta hana zuwa.

A sake. Ku rubuta farmer, ku rufe haruffa biyu na ƙarshe, ku karanta abin da ya rage da ƙarfi, sannan ku ɗaga yatsa. Duk wanda ya bi ta ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai ga teaching a jikin allo, to a nan haruffa uku zai rufe, tushen kuma bai canja ba.

Na ce a rufe da yatsa, ban ce a rufe da ido ba. Wasu har yanzu tushen suke rufewa su bar ƙarin a fili, sannan su yi ta cewa Turanci ya fi ƙarfin tsoho. Alhaji, Hajiya, ƙarshen kalmar ake rufewa, wato ɓangaren hannun dama. Idan kuwa kuka rufe, abin da ya rage bai ba da ma'ana ba, kamar a water, to sau da yawa kalmar ba ta da ƙari, a bar ta yadda take.

Darasi na biyu: Ƙarin goshi

Re a farkon kalma takan nufi sakewa, kamar a recharge da kuke gani a jikin katin waya. Un kuma tana kore ma'ana, happy farin ciki, unhappy rashinsa. A nan hannun hagu ake rufewa, da yatsa dai.

Darasi na uku: Asali

Bayan da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci sun cika Turanci. Larabci ma ya ba da nasa: sugar daga sukkar, zero daga sifr, wato sifirinmu. Tele kalmar Girkanci ce mai nufin nesa, ita ce a farkon telephone da television.

Darasi na huɗu: Aikin gida

Kowa ya kwafo kalmomi biyar daga jikin kwalin magani ko allon shago, ya ja layi a ƙarƙashin tushen kowace, ya duba ƙamus, ya kawo ranar Asabar.