Yadda ɗalibi zai ci moriyar darussan gama-gari a manyan makarantun Kaduna

Duk wanda ya samu gurbin karatu a Jami'ar Jihar Kaduna, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ranar da ya zauna yin rajistar kwasa-kwasansa zai tarar da wasu darussa da ba su da alaƙa ta zahiri da abin da ya zo karantawa. Mai karatun injiniya zai ga an ɗora masa Turanci da tarihin al'ummomin Najeriya, mai karatun Hausa ko Larabci kuma zai ga kwamfuta da dabarun kafa sana'a. Waɗannan su ne darussan gama-gari, waɗanda jami'o'i da yawa ke kira GST, a Zariya a ce musu GENS, a kwalejojin fasaha kuma GNS. Yawancin ɗalibai suna kallonsu a matsayin cikon benci, ba sa waiwayarsu sai ana saura mako guda jarrabawa, alhali a cikinsu ne ake koyar da abubuwan da za a fara gwada mutum da su ranar da ya fita neman aiki.

Ba malaman sashenka ne suka ƙirƙiro su don su wahalar da kai ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ta wajabta su, kuma a manhajar da ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a kashi 30, darussan sun haɗa da sadarwa da Turanci, da al'ummomi da al'adun Najeriya, da falsafa da ilimin mandiƙi, da zaman lafiya da sasanta rikici, da kuma kafa sana'a. Kwalejojin fasaha suna bin tsarin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa. Abin da ake nema shi ne wanda ya kammala digiri ya iya rubuta abin da ke ransa a fahimta, ya iya auna magana kafin ya yarda da ita, ya san ƙasarsa da maƙwabtansa, kuma ya iya riƙe kansa ko da aikin gwamnati bai samu ba.

Ka fara da yin lissafi, domin shi ne yake saurin farkar da ɗalibi. A tsarin maki biyar da jami'o'i da yawa ke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A mai maki 5, wanda ya ci 60 zuwa 69 ya samu B mai maki 4, wanda ya faɗi kuma bai samu komai ba. A ce a zango ɗaya jimillar nauyin kwasa-kwasanka (credit units) 20 ce, daga ciki 16 na sashenka ne kuma duk ka ci B, sauran 4 kuma darussan gama-gari ne guda biyu. Idan ka ci A a dukansu, matsakaicin makinka zai kai 4.20, idan kuwa ka faɗi duka biyun, zai sauko zuwa 3.20, wato ƙasa da 3.50 da ake buƙata don digiri mai daraja ta biyu babba. Da yake galibin waɗannan darussa a aji ɗaya da aji biyu ake yin su, ramin da suka haƙa yakan bi ɗalibi har shekarar ƙarshe.

Halartar lakca shi ne mataki na gaba, kuma na san ba abu ne mai daɗi ba. Ana tara ɗaruruwan ɗalibai daga sassa daban-daban a babban zaure guda, wani lokaci lasifika ba ta aiki, wanda ya makara kuma sai ya tsaya a bakin taga. Maganin wannan shi ne sammako da neman kujera a sahun gaba. Maki 30 ko 40 cikin 100 na kowane kwas daga gwaji da aikin gida suke fitowa, kuma makarantu da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin a bar ɗalibi ya shiga jarrabawa. Saboda sau da yawa a kwamfuta ake yin jarrabawar, da tambayoyi na zaɓi, ɗalibai kan wadatu da haddace tambayoyin shekarun baya. Hakan yana iya kai mutum ga C, amma ba ya koya masa rubuta ko da sakin layi ɗaya.

Rubutu kuwa shi ne inda ya kamata ka fi zuba ƙarfinka. Yawancinmu da Hausa muke tunani, kuma wannan ba aibi ba ne, matsalar tana zuwa ne idan mutum ya ɗauki alƙalami bai riga ya san abin da yake son faɗa ba, sai ya shiga tara manyan kalmomin Turanci don su rufe masa asiri. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce bayan kowace lakca ka rufe littafinka, ka bayyana wa kanka ko abokin karatunka abin da aka koyar da Hausa a cikin jimloli biyar. Idan ka kasa, to ba Turanci ne ya hana ka ba, darasin ne bai shiga ba tukuna. Idan ka iya, sai ka sake rubuta waɗannan jimloli da Turanci mai sauƙi, kowace jimla ta ɗauki magana ɗaya. Jaridun Aminiya da Daily Trust gida ɗaya suke fitowa, don haka sau da yawa za ka samu labari ɗaya a harsunan biyu, kuma kwatanta su yana nuna maka yadda kowane harshe yake gina jimlarsa. Ka kuma koyi rubuta wasiƙar hukuma tun kana aji ɗaya, domin za ka buƙace ta ranar da sakamakonka ya ɓace, da ranar neman wurin koyon aiki, da ranar neman aikin kansa. Duk abin da ka rubuta, ka karanta shi da murya kafin ka miƙa, kunne yakan kama kuskuren da ido ya tsallake.

Darasin falsafa da mandiƙi shi ne wanda ɗalibai suka fi yi wa kallon hadarin kaji, wasu ma suna tsoron zai taɓa musu aƙida. Amma mandiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, malaman zaure sun daɗe suna karantar da shi, kuma duk wanda ya ratsa Islamiyya ya san cewa ba a karɓar hadisi sai an duba isnadi an duba matani. Wannan tarbiyya ce ake so ka yi amfani da ita a kan komai. Idan saƙo ya shigo maka ta WhatsApp cewa an dakatar da jarrabawa ko rikici ya ɓarke a wata unguwa, ka tambayi kanka wane ne ya faɗa, mece ce hujjarsa, kuma me zai samu idan aka yarda da shi. Haka za ka yi wa littafi da maƙala idan ka zo rubuta kundin kammala karatu.

Ɗalibin Kaduna yana da gatan da ba kowa ke da shi ba ta fuskar bincike. Akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, akwai Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna a garin Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, duk ba su wuce kuɗin mota ba. Ka saba da rubuta sunan marubuci da shekara da shafi a daidai lokacin da kake ɗaukar bayani, domin kwafe aikin wani ba tare da ambaton mai shi ba sata ce, ko daga littafi ne, ko daga intanet, ko daga manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa.

Game da kwamfuta, shawarar gajera ce. Ka daina kai aikin gidanka shago a buga maka, ka zauna ka buga da kanka a Word ko da zai ci maka yini guda, sannan ka koyi jera alƙaluma da fitar da kaso cikin ɗari a Excel ta hanyar lissafa kuɗin da kake kashewa a wata.

Darussan al'adun Najeriya da na zaman lafiya suna da wani nauyi na daban a wannan jiha. A ajinka akwai Bahaushe da Bafulatani da Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap da Ham, kuma Nok da za a tambaye ka a jarrabawa ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba. Tun bayan rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama kusan iyaka tsakanin mazauna garin, har ta kai yaro yana iya tashi a Rigasa ko a Sabon Tasha bai taɓa zama ya ci abinci da ɗan ɗaya ɓangaren ba. Makaranta tana cikin wurare ƙalilan da suka rage inda ake haɗuwa. Idan malami ya ce a kafa rukunin aiki, kada ka tattaro 'yan unguwarku kawai, ka shiga cikin waɗanda ba ka sani ba, ka koyi sauraron mutum har ya kai aya kafin ka ba shi amsa.

Darasin sana'a ba ya amfani idan ya tsaya a kan allo. Ka je Panteka ko Kasuwar Barci, ka sami mai sana'a ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi nawa yake sayen kaya, nawa yake kashewa a haya da wuta da yaran shago, da kuma yadda yake bi da masu karɓar bashi. Sannan ka gwada wani ƙaramin ciniki da kuɗin da ba zai karya ka ba, ka riƙa rubuta shiga da fita kullum, ka ware uwar kuɗi daga riba.

Kafin ka shiga shekarar ƙarshe, ka ɗauki dukkan takardun rajistarka da sakamakonka ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ku tabbatar babu wani darasin gama-gari da ya rage ba ka yi rajistarsa ba ko ba ka ci ba. Kwas guda mai nauyi 2 da aka manta tun aji ɗaya ya isa ya hana sunanka fita cikin waɗanda suka kammala, ya sa ka ƙara zango ko shekara, abokanka kuma su tafi hidimar ƙasa su bar ka.