Lambu a baranda: abin da za ki shuka ki ci kafin a koma makaranta

Hutun ƙarshen zangon farko bai cika wuce mako uku ba. Ni malamar firamare ce, ina zaune a gidan haya na sama a Yelwa, nan cikin Bauchi, kuma shekara huɗu ke nan ina cinye wannan hutun a baranda ni da yarana uku, hannuwanmu dumu-dumu da ƙasa. Barandar ba wata babba ba ce, tabarma ɗaya ta rufe ta. Amma a nan muke samun lansir na kwaɗo, da lawashin albasa, da latas, da na'a-na'ar shayi, har da 'yar kyautar da muke kai wa maƙwabta.

Shekarar farko tumatir na shuka, kuma shi ne kuskuren da ba na so ki maimaita. Tumatir sai ya yi mako uku zuwa huɗu yana ɗan tsiro kafin a dasa shi, sannan ki ƙara jiran wajen wata biyu kafin ki ga ja. Yara ba su da wannan haƙurin. Kwana biyar suna rige-rigen ban ruwa, a na shida autana ya leƙa buhun ya ce, "Mama, wannan abin naki ba ya komai," ya koma wajen ƙwallonsa. Aka koma makaranta, aiki ya sha kaina, ganyen ya murɗe, muka tashi da tumatir bakwai ƙanana. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida: a hutun Disamba ba na shuka abin da ba za mu ɗanɗana ba kafin a buga ƙararrawar komawa aji, sai fa abu ɗaya ko biyu masu jure sakaci.

Fara da duba rana. A watan Disamba rana takan karkata kudu, saboda haka barandar da ke kallon kudu ko gabas ta fi dacewa. Ki tsaya yini ɗaya ki lura da inda hasken ke sauka da tsawon lokacin da yake yi. Kayan ganye suna son awa huɗu zuwa biyar a ƙalla. In barandarki arewa take kallo, ki haƙura da latas, ki tsaya a kan na'a-na'a da lansir.

Mazubi ba sai kin saya ba. Tsohon bokitin fenti, robar wanka da ta tsage, jarkar mai da aka yanka gida biyu aka wanke tas, buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi, duk suna yi. Abin da ba a sakaci da shi shi ne huji. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin kowace roba wuri biyar ko shida, in ba haka ba ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Sannan ki sa tsohon faranti ko murfin bokiti a ƙarƙashi. Ni ban sa ba da farko, ruwan laka ya tsiyaya a kan shanyar maƙwabciyata ta ƙasa, farin mayafi kuwa. Ta hawo ta ce, "Malama, noma kike yi a kaina?" Da dariya ta faɗa, amma kunyar da na ji ba ta misaltuwa. Ki kuma tuna jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta. Kada ki jera manyan buhuna cike a bakin baranda. Ki jingina su da bangon ɗaki, rabin buhu ma ya isa, domin kayan ganye saiwarsu ba ta nisa. Zurfin taƙi ɗaya ya wadatar da latas.

Ƙasa ita ce wurin da ya kamata ki ɓata lokaci. Ƙasar tsakar gida ita kaɗai, in ta sha ruwa ta bushe, daskarewa take yi kamar daɓe. Ga haɗin da nake yi: kwano biyu na baƙar ƙasa, kwano ɗaya na yashi, kwano ɗaya na takin gida da ya ruɓe. Baƙar ƙasar ina samo ta ne a gindin tsohon juji, in tankaɗe ta da rariyar waya saboda kwalba da leda. Takin kuwa kashin awaki ko na tumaki, wanda ya kwana biyu har ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ki yi hattara da ɗanyen kashin kaji, zafinsa ƙone tsiro yake yi. In shi kaɗai kika samu, ki ajiye shi gefe ya yi watanni, hutu mai zuwa ya yi miki amfani. Gwajin da wani dattijo mai lambu ya koya mini: ki jiƙa haɗin kaɗan, ki dunƙula a hannu. In ya dunƙule amma kika taɓa shi da yatsa ya watse, ya yi. In ya zama curi kamar na fura, ƙara yashi.

Yanzu sai shuka. Lansir ne sarkin masu sauri, kuma shi nake ba yara. Irinsa jajaye ne ƙanana, ana samu wajen masu sayar da iri da kayan ƙamshi a kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Ki baje ƙasa a faranti mai huji, ki jiƙa ta, ki barbaɗa irin a sama, ki ɗan yayyafa yashi kaɗan, kada ki binne. Kwana biyu zuwa uku za ki ga ya fashe, cikin kwana goma zuwa mako biyu an kai ga yanka da almakashi. Lansir da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan man gyaɗa, ranar da muka fara ci babbar 'yata kasa zama ta yi, sai kai kwano take wa kowa tana cewa ita ta noma. Dabarar ita ce kada ki shuka duka rana ɗaya. Faranti ɗaya yau, wani bayan kwana huɗu, ta haka ba ya yanke miki.

Albasa kuwa ba ta buƙatar iri. Waɗanda suka fara tsira a kwandon kicin, maimakon ki zubar, ki dasa su rabi a ƙasa rabi a waje. Bayan mako guda lawashi ya miƙe, ki riƙa yankan na gefe kina barin na tsakiya.

Latas kuwa lokacinsa ne, don sanyin hunturu yake so. Da zafin Maris ya shigo sai ya yi ɗaci ya miƙe zai yi fure. Amma in kika fara daga iri, hutun zai ƙare kafin ya kai. Ki nemi dashe wajen masu lambun fadama, ko ki tambayi masu kawo kayan gwari kasuwa da sassafe, sukan san mai shi. Ki dasa da yamma, tazarar taƙi ɗaya tsakanin kowane biyu, ki ba shi ruwa sosai, ki kare shi daga rana kwana biyu. Kada ki tumɓuke shi gaba ɗaya in ya girma, ganyen waje za ki riƙa tsinka, shi kuma yana ƙaro wani daga ciki. Alayyafo, duk da saurinsa da damina, a wannan sanyin nawa yake yi, kuma yakan yi fure tun yana ɗan guntu. Ni na daina wahalar da kaina da shi sai bazara.

Iskar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Ƙasar da kika jiƙa da safe, kafin la'asar ta bushe a sama. Ki tsoma yatsa zuwa gaɓa ta biyu: in akwai danshi ki bari, in babu ki zuba. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, yana rage shan ruwa ƙwarai. Mu da muke sayen ruwa wajen 'yan garuwa wasu ranaku, ba ma zubar da ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya da na alwala, bokiti guda muka ware musu. Ruwan omo da mai gishiri ko maiƙo ne kawai ba ya zuwa wajen shuka. Don yayyafi, ki huda murfin gorar ruwa da allura, ki ba yaro; kofi yana tone iri.

Ƙadangaru da tsuntsaye suna son ɗanyen tsiro, kuma hawa bene ba ya hana su. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan 'yan sanduna huɗu ya gama maganinsu, yana kuma tare ƙura. In kika ga 'yan ƙananan ƙwari sun taru a bayan ganye, ki daka ganyen darbejiya cikin hannu biyu, ki jiƙa a ruwa ya kwana, ki tace, ki ɗan goga sabulu kaɗan a ciki, ki fesa da yamma. Ki wanke ganyen sosai kafin a ci, don ɗacin yana kamawa.

Sai batun kyauta, wanda a gaskiya shi ne ya fi faranta mini rai. A Yelwa muna zaune ne cuɗe da maƙwabta Kiristoci. Ranar Kirsimeti shinkafarsu da cincin suna shigowa gidanmu, kamar yadda namanmu ke shiga nasu da Babbar Sallah. Na daɗe ina jin nauyin mayar da kwano haka nan. Yanzu tun ranar farko ta hutu nake sayen na'a-na'a ɗauri ɗaya, in zaɓi rassa masu ƙwari, in cire ganyen ƙasa, in tsoma su a kofin ruwa kusa da taga. Cikin mako guda fararen saiwoyi sun fito. Daɗɗoya ma haka take yi, sai dai ta ɗan fi jinkiri a sanyi. Yara su kuma suna tara manyan gwangwanayen madara da na tumatir, mu daddanne bakin da guduma don kada ya yanki hannu, mu huda gindi. Tela na bakin layinmu yana ba mu ƙyallayen atamfa da ya rage kyauta. A yanka daidai tsayin gwangwanin, a shafa gam, a naɗe, a ɗaure da zaren saƙa. Reshe uku a kowane gwangwani sun fi kyau da cika ido fiye da ɗaya. Ki dasa kwana uku ko huɗu kafin ranar bayarwa domin ya farfaɗo, kada ki kai wa mutane abu a langaɓe.

Ki haɗa da 'yar takarda da yaro ya rubuta da hannunsa: ruwa kullum da safe, a riƙa tsinke kan reshe don ya yi yaɗo. Wannan layi na biyun shi mutane suke mantawa, sai na'a-na'ar ta yi tsawo ta rame. Kuma kada a haɗa ta mazubi ɗaya da wata shuka, mamaye wuri take yi.

Bara gwangwani tara muka yi. Na maƙwabciyata mai farin mayafi ya cika har ta juye shi a tsohon baho, bana ma a wajenta na yanko rassan da na tsoma a ruwa.