Darasi na 9: Idan Ƙafar Madubin Saiti Ta Ƙi Zama a Kan Bindiga

Mutum yakan sayi madubin saiti don bindigarsa ta iska, ya zo ɗorawa, sai ƙafar madubin, wato ƙarfen da ke riƙe shi a kan bindiga, ta ƙi kama doron bindigar. Ko dai ta yi faɗi tana rawa, ko ta yi matsi ta ƙi shiga. Galibi madubin lafiyarsa lau, bindigar ma haka. Awonsu ne bai zo ɗaya ba, kuma wanda ya iya karanta lamba a jikin rula zai gane matsalar da kansa.

Darasin nan na mai lasisi ne. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da izinin 'yan sanda ake riƙe su. Kuma kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka buɗe bindigar ka leƙa da idonka, ka tabbata babu ƙwayar dalma a ciki, ba a kuma ɗana ta ba. Ka juya bakinta ga bango. Yara su fita daga wurin.

Yanzu duba doron bindigar. A yawancin bindigogin iska za ka ga tsagi biyu dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗora rula ka auna tsakaninsu. Za ka samu milimita 11, ko kusa da haka. Wasu ƙananan bindigogin Amurka nasu bai kai haka ba, kusan milimita 9.5 ne. Bambancin kaɗan ne a ido, amma ya isa ya sa ƙafa ta zauna a karkace.

Akwai wani doron daban, mai faɗi, mai haƙora a jere. Shi ne Picatinny. Sunan wata cibiyar makamai ce ta sojan Amurka a jihar New Jersey, kuma a 1995 aka tsayar da awonsa. Faɗinsa milimita 21.2, wato ya kusa ninka na bindigar iska. Madubai da yawa na kasuwa suna zuwa da ƙafar da aka yi wa wannan doron. Daga nan rikicin yake tasowa: ƙafa mai bakin milimita 21 ba za ta cije doron milimita 11 ba, ko da ka murɗa notin har ƙarshe.

Picatinny yana da ɗan uwa mai suna Weaver, wanda ya girme shi. Faɗinsu kusan ɗaya ne, amma ramukan da ke tsakanin haƙoran sun bambanta. Na Picatinny milimita 5.23, na Weaver 4.57. Saboda haka ƙafar Weaver takan hau Picatinny, amma ta Picatinny sau da yawa ba ta shiga ramin Weaver. Ka rubuta lambobin nan a littafinka.

Awo na biyu shi ne kaurin jikin madubin, wurin da zobban ƙafar suke rungume shi. Ko inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, ko milimita 30. Yawanci an rubuta a kwalin.

To, mene ne mafita? Hanya mafi kyau ita ce ka ajiye ƙafar da ta zo da madubin, ka sayi wadda ta dace da duka biyun: bakinta na milimita 11, zobenta daidai da kaurin madubinka. Idan ba ta samu ba, akwai ɗan ƙarfen haɗi da ake kira adafta. Ƙasansa yana cije doron milimita 11, samansa kuma haƙoran Picatinny ne. Yana aiki sosai, sai dai yana ɗaga madubin sama, har kumatunka ya bar jikin katakon bindigar idan kana saiti. Don haka ka nemi mafi gajarta. Idan kuma zoben na milimita 30 ne, madubin na inci ɗaya, akwai 'yan zobban ciko da aka yi don wannan. Amma madubin milimita 30 ba ya shiga zoben inci ɗaya. Kada ma ka gwada.

Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne dabarar gaggawa. Wani yakan cusa guntun gwangwani ko kwali, wani ya naɗe da robar tib, wani ma ya kai wa mai walda. Walda tana ɓata doron, zafinta kuma yana iya lalata robar da ke riƙe iska a ciki. Cusa da ɗauri kuwa suna ba ka madubin da yake motsi ba ka sani ba. Kana kallon wuri ɗaya, dalma tana tafiya wani wurin. Haka ake jikkata tsuntsu ya tafi ya mutu a wahale, haka kuma ake samun mutum ko dabbar maƙwabci a gefen gona. Kuɗin adafta bai kai wannan ba.

Bindigar iska mai sifirin tana da wani hali nata. Idan ta tashi, tana girgiza baya da gaba, kuma girgizar tana sa ƙafar madubi ta riƙa zamewa baya kaɗan-kaɗan a cikin tsagin. Duba bayan doron, sau da yawa akwai ɗan rami. Ƙafa mai kyau tana da ɗan fegin ƙarfe da ke faɗawa cikinsa ya tokare ta. Ka tabbata ya shiga. Ka kuma tambayi mai shago ko madubin an yi shi ne don bindiga mai sifirin, domin girgizar tana kwance gilashin wanda ba a yi don ita ba.

Wajen ɗaurawa, goge mai daga tsagin tukuna. Ɗaura ƙafar, ɗora madubin, amma kada ka matse zobban. Sa bindigar a kafaɗa, ka matsa madubin gaba ko baya har ka ga hoto cikakke ba baƙi a gefe. Tsakanin idonka da gilashin ya kai kamar faɗin yatsu huɗu. Kan madubin kada ya taɓa ƙarfen bindigar. Zura takarda a tsakani ka gani. Layin gicciye da kake gani cikin madubin ya miƙe, kada ya karkata. Sannan ka ɗauki alanki ka matse notocin bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan, har giɓin da ke dama da hagun kowane zobe su zo daidai. Riƙe alankin ta gajeren gefensa, don kada ƙarfinka ya lotsa jikin madubin.

Gwaji a wurin da akwai tudun ƙasa a baya ake yi, a kan takarda, daga mita 10. Yi harbi uku kafin ka taɓa maɓallin saiti. Ja layi da fensir a doron, daidai gindin ƙafar. Bayan harbi ashirin ka duba. Idan ƙafar ta bar layin, ba ta zauna ba, sai ka kwance ka sake.

Aikin gida: auna doron bindigarka da kaurin madubinka, ka rubuta lambobin biyu a takarda da hannunka. Da wannan takardar za ka je shago.