Kafin ka biya kuɗin koyon wani abu, fara gano me oga yake nema

Jama'a kowa sai ya ce maka "je ka koyi sana'a", amma ba mai faɗa maka wacce, ko wajen wa za ka kai ta. Ai abin da ɗan kasuwar Kantin Kwari yake so daban, na ƙungiyoyin agaji a Maiduguri daban, na kamfanonin Sharaɗa da Chalawa ma daban.

To ga yadda za ka yi. Zaɓi fanni ɗaya tak, ka tara tallan neman ma'aikata kamar goma a LinkedIn ko Jobberman ko guruf ɗin WhatsApp, ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da yake ta dawowa. In Excel ne, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, ya fi fitowa to shikenan, da shi za ka fara.

Sai dai yawancin aikin garinmu a baki ake bayar da shi, dole ka taka da ƙafarka. Samu yaron shago ku zauna, ka tambaye shi me maigida ya fi yi masa faɗa a kai. Za ka ji bayan amana yanzu ana son wanda zai duba alat ya gane na bogi kafin a saki kaya, ya ɗauki hoton atamfa a haske mai kyau ya ɗora a sitatus, ya amsa wa kwastoma da wuri, don tun wahalar takardun naira ta farkon 2023 ciniki da yawa ya koma tiransfa da POS, kuma wallahi akwai samari masu gaskiya da ake sallama saboda wannan kawai, abin yana damuna.

Masu aikin wayarin ɗin lantarki ma haka. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagari mutane ana komawa sola, oga zai tambaye ka ne ko ka iya lissafin lodin gida, inbata nawa, batir nawa, fanel nawa.

In ka gano gibin naka kar ka yi saurin biyan kuɗi. Duba 3MTT, shirin koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, in kana bautar ƙasa ka riƙe SAED, shirin koyon sana'a na masu bautar ƙasa, da gaske, ko ka roƙi wani oga ka riƙa binsa aiki.

Ranar intabiyu ka je da shaida a wayarka, hoton aikin da ka haɗa da hannunka ko fayil ɗin lissafin da ka tsara. Bayan wata shida ka sake tara sabbin talla ka gwada su da na da, abin da ya ƙaru shi ne na gaba da za ka koya.