Darasi na 6: Furen garka, malam-buɗe-littafi da tukunyar miya

Duk wanda ya shiga garka a jihar Tawa da hantsi, ko a kwarin Magiya, ko a bakin tafkin Tabalak, ko ƴar garkar bayan gida, zai ga wani ƙwaro mai faffaɗan fukafukai yana sauka daga wannan fure zuwa wancan. Hausawa sun raɗa masa suna malam-buɗe-littafi, saboda idan ya sauka yakan buɗe fukafukansa ya rufe kamar mai duba shafi. Mu da muke koyon karatu da girmanmu, ya kamata mu koyi karanta garka kamar yadda muke karanta allo, domin abin da uwargida za ta sa a tukunya daga fure yake farawa.

Mu fara da kabewa, domin a jikinta ne abin ya fi fitowa fili. Kabewa tana fitar da fure iri biyu a kan yaɗo guda. Na farko yana bisa dogon kara siriri, shi ne namiji. Na biyu yana da ɗan kumburi a ƙarƙashinsa mai kama da ƴar kabewa, ita ce mace. Furen yana buɗewa da sassafe, kafin azahar ya riga ya yanƙwane, kuma a cikin waɗannan sa'o'i ne tilas ƙwaro ya ɗauko ƙurar nan mai ruwan ɗorawa daga namiji ya kai ta ga mace. Idan ba a kai ba, ɗan kumburin zai yi ja-ja ya faɗi, mai garka ya yi ta zargin iri ko ƙarancin taki. Gaskiya ita ce ƙudan zuma ne ke yin mafi yawan wannan aiki, malam-buɗe-littafi mataimaki ne kawai, amma ganinsa da yawa alama ce cewa garkar ba ta sha guba ba. Inda ƙwarin suka yi ƙaranci, mutum zai iya tsinko namijin fure bayan sallar asuba, ya cire ganyen furen, ya goga tsakiyarsa a hankali a cikin macen.

Furen kuɓewa, mai ruwan ɗorawa da baƙin tsakiya, yini ɗaya yake yi, kuma bayan kwana 4 zuwa 6 da faɗuwarsa kuɓewar ta isa tsinka. Wadda aka bari ta wuce haka takan yi tauri, sai dai a ajiye ta iri. Albasa kuwa, wadda Galmi ta yi suna da ita har ƙasashen waje, ba ta ba da iri sai an sake dasa kanta an bar ta ta fitar da farin fure, ƙudan zuma da ƙudaje su yi aikinsu.

Yanzu mu dubi shi ƙwaron. Macen tana saka ƙwai a jikin ganye, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta ci ganye har ta ƙoshi, sannan ta liƙe a reshe ta rufe kanta cikin ɗan kwanso, daga nan ta fito da fukafukai. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna ɗauka kowace tsutsa abokiyar gāba ce. Kowane iri yana da tsiron da yake ci. Wanda kuke gani mai launin jan ƙasa, da baƙi da ɗigon fari a bakin fukafukai, tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, kuma ɗacin ruwan tumfafiyar nan da ke jikinsa ne ya sa tsuntsaye suke ƙyale shi. Ba ruwansa da tumatirinku. Babban nan baƙi mai ɗigon ruwan ɗorawa a kan lemo yake saka ƙwai, kuma tsutsarsa tana kama da kashin tsuntsu tun tana ƙarama, daga baya ta zama koriya. Tana iya cinye ganyen ƙaramin dashe, don haka a cire ta da hannu, amma babban itacen lemo ba ya jin ɓarnarta. Masu ɓarna ta gaske, wato tsutsar da ke huda tumatir, da ƴar koriyar da ke rarake kabeji, wanda muke kira shu, da mai cinye ganyen zogale, yawancinsu ƴaƴan dangin nan ne masu yawon dare, waɗanda ke taruwa a bakin fitila.

Idan ɓarnar ta fi ƙarfin tsinta da hannu, akwai magani a ƙofar gida. A samo busassun ƴaƴan bedi rabin kilo, a daka, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana, a tace da ƙyalle mai tsabta, a fesa da marece lokacin da furanni suka rufe kuma ƙudan zuma suka koma amya. A fesa kan shukar da ke da tsutsa kaɗai. Wanda ya sayi maganin kwalba kuwa, abin da nake roƙo gare shi shi ne ya karanta takardar da ke jikinta, ko ya kai wa malamin gona ya karanta masa, domin an rubuta adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinki ganye. Abin baƙin ciki ne a fesa wa salati magani yau, gobe a yanka wa yara shi.

A wajen girki, yakuwa ce ta fi nuna mana amfanin haƙuri da fure. Da damina ana cin ganyenta a miya. Idan kaka ta gabato takan yi fure, furen ya faɗi, jan kofin da ke ƙarƙashinsa ya yi ta kumbura har kimanin mako 3, kuma shi ne zoɓon da muke sha. A ɓare shi daga ƙwallon irin, a shanya a tabarma mai tsabta inda ƙura da awaki ba sa kaiwa. Idan za a haɗa, a wanke cikin hannu biyu a cire yashi, a tafasa cikin ruwa lita 2 tare da citta da kanumfari, a tace, sannan a sa sukari daidai kima. Irin ma ba a zubar da shi, domin da shi ake yin daudawar batso.

Zogale kuma, a zage ganyen daga karansa, a wanke, a dafa har ya yi laushi ba tare da an bari ya dahu ya narke ba, a matse ruwan. A turara barzajjen gero ko shinkafa a madambaci, a haɗa da zogalen, a zuba man gyaɗa, da dakakken ƙuli-ƙuli, da yankakkiyar albasa, da gishiri da barkono. Mai yawan sassabe zogale don ganye ya bar itace ɗaya ko biyu su yi farin furensu, domin daga nan zai samu irin baɗi.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya je garka da hantsi da littafinsa, ya rubuta sunayen tsirrai 3 da ya tarar da fure a kansu, da launin kowane fure, da irin ƙwaron da ya gani ya sauka a kai. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya tsinko ganyen ya kawo aji, za mu rubuta sunan tare a allo.