Duba Tirombon Na Hannu Kafin Ka Biya

Tirombon ƙahon busa ne na tagulla mai dogon bututu. Gara ɗan koyo ya nemi tirombon marar bawul (wato marar ƙarin maɓallin sauya sauti), irin Yamaha YSL-354.

Fara da zamiyar, wato bututun da ake turawa gaba da baya don sauya sauti, don nan kuɗin gyara yake. Buɗe makullinta, ka karkata ta ƙasa kana tare ta da yatsa. Ya kamata ta sauka sumul. In ta cije a wuri ɗaya, akwai lotsawa ko bututun ya karkace. Zare ta ka dubi bututun ciki: in farin rufin ya ɓare, haƙura.

Sai ka toshe baki ɗaya na zamiyar waje, ka hura ɗayan. Iska na fita? Yawanci toshiyar maɓallin zubar da ruwan da ke taruwa a bututun ce ta lalace, gyara mai araha.

Jajayen ɗigo a jikin tagullar ruɓewa ce, ba ta gyaruwa. Ƙaramar lotsawa a bakin ƙahon kuwa, hujjar neman ragi ce kawai.